Taswirar Fahimta: Dabarar Karatu Ga 'Ya'yanmu Masu Koyon Injiniyanci A Jami'a



Babu uwar da ba ta farin ciki ranar da aka ce ɗanta ko 'yarta ta samu gurbin karatun injiniyanci a jami'a. Tun kafin yaro ya sa ƙafa a aji, 'yan gida sun fara kiransa Injiniya. Sai dai kuma sau da yawa, bayan shekara ɗaya ko biyu, sai a ga yaron da ya saba zuwa na ɗaya a sakandare ya dawo hutu jiki a sanyaye, ya faɗi kwas biyu ko uku, dole sai ya maimaita su. Uwa ta rasa gane kan al'amarin, domin yaro ba ya yawo, ba shi da abokan banza, kwana yake yi a kan littafi. Wasu su ce baki ne, wasu su ce malami ne ya tsane shi. Alhali kuwa a lokuta da dama matsalar tana cikin irin karatun da yake yi ne.

A ƙasar nan digirin injiniyanci shekara biyar ne ga wanda ya shiga daga aji ɗaya, kuma kwasakwasansa a ɗore suke, wannan a kan wancan. Lissafin aji ɗaya da fiziks su ne tubalin darussan aji biyu, na aji biyu kuma a kansu na aji uku suke zaune. Ɗalibar da ta haddace fomula ta zuba a takardar jarrabawa, ta manta da ita bayan mako biyu, ta ci wannan kwas ɗin, amma ta bar rami a harsashin gininta, kuma a aji na gaba ramin zai bayyana.

Inda gizo yake saƙar

Wannan matsala ba ta 'ya'yanmu kaɗai ba ce. A farkon shekarun 1990 wani malamin fiziks a Jami'ar Harvard ta Amurka, Eric Mazur, ya jarraba ɗalibansa da tambayoyi masu neman fahimta zalla, waɗanda ba su buƙatar dogon lissafi. Sai ya tarar cewa da yawa daga masu warware lissafi mai wuya sun kasa amsa waɗannan tambayoyin masu sauƙin gani. Sun san wace fomula za a ɗauko, sun san inda za a cusa lambobi, amma ba su san abin da ya haɗa wannan ƙa'ida da waccan ba. Irin wannan shi ne muke kira karatun aku.

A aikin injiniya kuwa rashin ganin alaƙa tsakanin abubuwa biyu yana iya cin rayuka. Ranar 17 ga Yuli, 1981, a birnin Kansas na Amurka, wasu gadoji biyu na tafiyar ƙafa da aka rataye a babban falon otal ɗin Hyatt Regency suka rufto a kan jama'a, mutum 114 suka rasu, fiye da 200 suka jikkata. Ɗaya gadar tana hawa na huɗu, ɗayar tana ƙarƙashinta a hawa na biyu. A zanen farko, dogayen sandunan ƙarfe ne za su sauko daga rufi su ratsa gadar sama su wuce zuwa ta ƙasa. Lokacin aiki sai aka raba kowace sanda gida biyu: ɗaya ta riƙe gadar sama, ɗaya kuma aka rataye ta a jikin gadar sama ta riƙe ta ƙasa.

Ki ɗauki misalin bokiti biyu cike da ruwa. Idan aka ɗaure kowanne da ƙullinsa a jikin igiya ɗaya, kowane ƙulli nauyin bokiti ɗaya yake ɗauka. Amma idan aka rataye bokitin ƙasa a jikin na sama, ƙullin sama nauyin bokiti biyu ya hau kansa. Abin da ya faru ke nan: nauyin da ke kan mahaɗin gadar sama ya ninka. Bincike ya nuna cewa ko zanen farkon ma bai cika ƙa'idar gini ta birnin ba, canjin kuma ya ƙarasa lalata lamarin. Lissafin da zai tona wannan bai fi ƙarfin ɗalibin aji biyu ba. Abin da ya ɓace shi ne tambayar: wannan nauyin ta ina yake bi, kuma a kan me yake sauka? Koyar da ɗalibi ya riƙa yin irin wannan tambaya shi ne aikin dabarar da ake kira taswirar fahimta.

Mece ce taswirar fahimta?

Zane ne da ɗalibi yake yi a takarda domin ya nuna yadda ma'anonin wani darasi suke da alaƙa da juna. Kowace ma'ana ana rubuta ta da kalma ɗaya ko biyu a cikin ɗan akwati ko da'ira. Daga nan a ja layi mai kan kibiya daga wannan akwati zuwa wancan, a rubuta a kan layin 'yan kalmomin da suka bayyana alaƙar, kamar "yana jawo", "ya ƙunshi", "yana rage", "ya dogara da". Idan aka karanta akwati, aka bi layi, aka isa akwati na biyu, dole a samu cikakkiyar jimla mai ma'ana, wadda za a iya cewa gaskiya ce ko kuskure. Babbar ma'ana tana zama a sama, ƙanana suna saukowa a ƙarƙashinta.

Duk wadda ta yi karatun nahawu ta san irin wannan tsari, inda ake raba magana zuwa isimi da fi'ili da harafi, kowanne kuma a fitar masa da rassansa da alamominsa. Bambancin shi ne, taswirar fahimta tana ƙara abubuwa biyu: rubuta alaƙa a kan kowane layi, da kuma jan layi daga wani reshe ya tsallaka zuwa wani reshen da ke nesa da shi. Kada a haɗa ta da zanen nan mai launi-launi da Tony Buzan na Ingila ya yaɗa a shekarun 1970, wanda rassa ke fita daga tsakiya kamar hasken rana. Wancan yana taimakawa wajen tattaro tunani, amma galibi ba a rubuta alaƙa a kan layukansa, alhali a nan alaƙar ita ce kan gaba.

Asalinta

Farfesa Joseph Novak da abokan aikinsa ne suka ƙirƙiro wannan dabara a shekarar 1972 a Jami'ar Cornell ta Amurka. Suna gudanar da wani bincike ne na tsawon shekara 12, suna bin yara tun daga farkon firamare domin su ga yadda fahimtarsu ta kimiyya take sauyawa. Hirarrakin da suka yi da yaran suka taru jibgi, har ya zama da wuya a gane abin da yaro ya sani bara da abin da ya ƙaru bana. Sai suka fara zana abin da kowane yaro ya faɗa a matsayin akwatuna da layuka, nan take bambancin ya fito fili.

Novak ya gina aikinsa ne a kan ra'ayin wani masanin halayyar koyo, David Ausubel, wanda ya yi rubuce-rubuce a 1963 da 1968. Ausubel ya bambanta koyo iri biyu: wanda ake cusa sabon bayani a ka ba tare da ya kama komai ba, da wanda sabon bayani yake samun wurin kamawa a jikin abin da mutum ya riga ya sani. Na farko saurin zubewa gare shi, na biyu kuma shi ne yake zama, har a iya aiki da shi a wurin da ba a taɓa gani ba. A 1984 Novak da Bob Gowin suka fitar da littafi kan koyon yadda ake koyo, wanda ya kai dabarar ga malaman makarantu a ƙasashe da dama. Daga baya wata cibiyar bincike a jihar Florida ta samar da manhajar kwamfuta mai suna CmapTools domin zana irin wannan taswira, sannan a 2004 aka yi taron duniya na farko a kanta a birnin Pamplona na ƙasar Sifen.

Misali daga ginin gida

Bari mu ɗauki abin da kowace uwargida ta taɓa gani a unguwa, wato zubin linta ko dekin. A ce ɗaliba mai karatun injiniyancin gine-gine ta rubuta tambaya a saman takardarta: me ya sa ake sa rodi a cikin kankare?

Akwatin sama shi ne "kankare mai rodi". Daga shi layuka biyu su sauko: ya ƙunshi "kankare", ya ƙunshi "rodi". A ƙarƙashin kankare ta rubuta cewa ana haɗa shi da siminti da yashi da tsakuwa da ruwa. Ta ja wani layin: kankare yana da ƙarfin jure "dannewa". Wani kuma: kankare yana da rauni wajen jure "ja", domin ƙarfinsa a nan bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa na jure dannewa ba. A ɓangaren rodi ta rubuta: rodi yana jure ja.

Sai reshe na uku, na nauyi. Nauyi a kan linta yana jawo "lanƙwasa". Lanƙwasa tana danne saman linta, tana ja ƙasanta, kamar yadda idan aka lanƙwasa kara bayansa ne yake fara tsagewa. A nan ne za ta ja layin tsallake daga "ja a ƙasan linta" zuwa "rodi", ta rubuta: shi ya sa ake sa babban rodi a ƙasa. To amma barandar bene wadda ta fito waje ba ginshiƙi a bakinta fa? Ita ƙasa take rinjaya daga bakin, don haka samanta ne ake ja, rodinta kuma a sama ya kamata ya zauna. Ɗalibar da ta haddace "rodi a ƙasa" kawai za ta yi kuskure a baranda. Wadda ta fahimci cewa rodi yana bin inda ake ja ne ba za ta ruɗe ba, ko da ba a taɓa kawo mata wannan misalin a aji ba.

Taswirar tana iya tsallakawa har zuwa darasin kemistiri. Siminti ba bushewa ce take sa shi ƙarfi ba, haɗuwarsa da ruwa ce, shi ya sa ake yi wa sabon zubi ban-ruwa na kwanaki, kuma a kwana na 28 aka saba auna ƙarfin kankare. Amma ruwan da ya yi yawa a wajen kwaɓi yana barin ƙananan ƙofofi, ƙofofin suna rage ƙarfi, suna kuma ba danshi hanyar isa ga rodi, rodi ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa kankaren. Ga shi nan a takarda ɗaya, darussan da aka koyar a zanguna dabam-dabam, daga bakin malamai dabam-dabam, sun haɗu sun zama magana ɗaya.

Amfani na biyu shi ne taswira ba ta ɓoye kuskure. Idan ɗalibi ya rubuta "ƙarin ruwa yana ƙara ƙarfin kankare", ko ya ja layi ya rasa abin da zai rubuta a kansa, to shi da malaminsa sun ga ramin tun kafin ranar jarrabawa.

Me bincike ya nuna?

A shekarar 2000 wasu malamai mata uku a Amurka, Jennifer Turns da Cynthia Atman da Robin Adams, suka wallafa bayanin yadda za a yi amfani da wannan taswira wajen auna fahimtar ɗaliban injiniyanci, ko a cikin kwas ɗaya ko a tsawon karatun digiri. A 2004 kuma Mary Besterfield-Sacre da abokan aikinta a Jami'ar Pittsburgh suka fitar da ma'aunin ba ta maki, wanda yake duba abu uku: ko ta game darasin, ko tana da tsari, ko abin da ke cikinta daidai ne. Tun kafin nan, a tsarin Novak da Gowin, jimla ɗaya ingantacciya maki 1 take samu, kowane hawa na tsari maki 5, layin tsallake mai ma'ana kuwa maki 10. Wannan kaɗai ya isa ya nuna inda masana suke ganin fahimta ta gaskiya take.

A 2006 John Nesbit da Olusola Adesope suka tattara bincike 55 da aka yi a kan mutum 5,818, suka samu cewa masu amfani da taswira sun fi riƙe abin da suka koya idan aka kwatanta da masu karanta rubutu ko sauraron lacca kawai. Wani nazarin da ya fi wannan faɗi, na 2018, ya ƙara da cewa wanda ya zana taswirar da hannunsa ya fi amfana a kan wanda aka ba shi zananniya ya duba. A nan gida Najeriya ma, Farfesa Peter Okebukola, wanda ya shugabanci Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa daga 2001 zuwa 2006, yana cikin waɗanda suka gwada dabarar a darasin bayoloji wajen shekarar 1990, kuma shi da Farfesa Olugbemiro Jegede sun ba da rahoton cewa ta ɗaga sakamakon ɗalibai, ta kuma rage musu fargabar darasin.

A rufe littafi

Akwai wani bincike da ya kamata kowace ɗaliba ta sani, domin kada ta ɗauka zane kaɗai ya wadatar. A 2011 Jeffrey Karpicke da Janell Blunt na Jami'ar Purdue suka ba ɗalibai wani rubutun kimiyya. Wasu suka zana taswira rubutun yana buɗe a gabansu. Wasu kuma suka karanta, suka rufe, suka rubuta duk abin da suka tuna, suka sake dubawa, suka sake rufewa. Bayan mako ɗaya aka yi jarrabawa, sai masu rufe littafi suka fi masu taswira ci. A 2014 masu binciken suka sake gwaji, a wannan karon aka sa ɗalibai zana taswirar da ka, ba littafi a gabansu, sai ta yi aiki kamar yadda rubutawa da ka ta yi.

Darasin a bayyane yake, kuma mu da muka saba da bita da tilawa ba baƙonmu ba ne: abin da ka jawo daga ƙwaƙwalwarka da kanka shi ne yake zama. Saboda haka hadda da fahimta ba kishiyoyi ba ne. Injiniya yana buƙatar fomula a kansa, yana kuma buƙatar sanin inda ta fito da inda ba ta aiki. Taswirar da aka kwafa daga littafi ko daga wayar ƙawa ado ce kawai.

Yadda za ki zana taki

Ya ke ɗaliba, ki fara da tambaya guda ɗaya takamaimiya, kada ki ce za ki zana kwas gaba ɗaya a zama ɗaya. Bayan kin karanta babin, ki rufe littafi ki jero ma'anoni 15 zuwa 25 a gefen takarda, wanda shi ne adadin da Novak ya ba da shawara. Ki ɗora mafi girma a sama, ki riƙa saukowa. Ki yi aiki da fensir, ko ki yanka ƙananan takardu da za ki iya matsarwa, domin zanen farko ba ya fita daidai. Kada ki bar layi ko ɗaya babu rubutu a kansa. Idan kin gama ki nemi layukan tsallake, ko da biyu ne ko uku. Sannan ki buɗe littafi ki gyara da biro mai wani launi, domin ki ga inda kika yi rauni.

Bayan mako ɗaya ki sake zana ta da ka. Ki kwatanta taki da ta ƙawayenki, domin inda kuka saɓa nan ne tambayar da za ku kai wa malami. A ƙarshen zango ki gwada haɗa taswirar wannan kwas da ta kwas ɗin da ya gabace shi. Kuma ki sani taswira ba ta maye gurbin warware lissafi. Hannu ba ya faɗawa sai da yawan aiki, don haka bayan zane sai a koma kan tambayoyin lissafi, a riƙa duba wane layi na taswirar ne kowace tambaya take gwadawa.

Rawar da uwa za ta taka

Uwargida, ba sai kin san fiziks ba kafin ki taimaka. Idan yaro ya zo hutu, ki ce ya kawo taswirarsa ya karanta miki ita da Hausa. Ki ɗora yatsa a kan akwati biyu ki tambaye shi, me ya haɗa wannan da wannan? Idan ya iya yi miki bayani har kika gane, to ya fahimta. Idan ya fara kame-kame yana jero Turanci, shi da kansa zai ji inda ya gaza, ba tare da kin yi masa faɗa ba. Bayan tsohuwar kalanda da fensir da abin gogewa sun ishe shi kayan aiki.

'Ya mace kuwa tana buƙatar ƙarin abu ɗaya daga gare ki, wato lokaci. Irin wannan zane yana son awa ɗaya ko biyu a natse, ba tare da an kira ta wanke-wanke ko aike a tsakiya ba. A raba aikin gida tsakanin yara yadda ita ma za ta samu nata lokacin, musamman idan jarrabawa ta ƙarato. Ƙannen da ke sakandare su ma a koya musu tun yanzu da darasi mai sauƙi, kamar yadda ruwan sama yake samuwa, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yaran nan su ne gobe za su sa hannu a kan zanen asibiti da gada da benen makaranta, mu da jikokinmu kuma mu shiga ƙarƙashinsu. Duk abin da zai sa su fahimci karatunsu tun suna aji, ya cancanci mu ba shi muhimmanci a gidajenmu.

Allah Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, Ya sa su zama masu amana a aikinsu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.